Arlo Parks da kundinta na farko: me alƙalan suka ji a ciki?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan gida. Kwana da kwanaki ina son in kawo maganar nan zaure, sai yau Allah ya nufa.

Ƙanena ne ya turo min kundin wata mawaƙiya 'yar Ingila mai suna Arlo Parks, ya ce kada in saurara da rana, in bari sai dare ya yi yara sun kwanta. Sunan kundin Collapsed in Sunbeams. Waƙoƙi 12 ne a ciki, gaba ɗaya kamar minti 40. Na sa abin ji a kunne ina ninke wanki, kafin a gama waƙa ta shida na ture kayan gefe na zauna a bakin gado.

Daga baya na bi diddigin yarinyar. An haife ta ranar 9 ga Agusta 2000, ta tashi a unguwar Hammersmith da ke yammacin Landan. Sunanta na yanka Anaïs Oluwatoyin Estelle Marinho. Mahaifinta ɗan Najeriya ne, mahaifiyarta kuma a Paris aka haife ta, tana da jinin Chadi da na Faransa, har ma yarinyar ta fara iya Faransanci kafin Turanci. Kundin ya fito ranar 29 ga Janairu 2021 tana da shekara 20, ya kai na uku a jerin kundayen da suka fi kasuwa a Birtaniya, a watan Satumba na shekarar kuma ya ci lambar yabo ta Mercury, wadda ake ba kundin da alƙalai suka zaɓa a matsayin mafi kyau na shekara a Birtaniya da Ireland.

Tambayata ga masu ilimin abin a cikinku: waƙar da babu ihu, babu rawa, muryar mai ita kamar tana yi maka magana a kan tabarma, yaya aka yi ta doke manyan mawaƙan ƙasar? Ni dai na san abin da ta yi min, amma ina son in ji naku.

Sadauki Fagge

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Na san kundin nan tun shekarar da ya fito, kuma zan faɗi gaskiyata ko da ba za a ji daɗi ba. Sana'ata ke nan, shekara tara ina haɗa kiɗa a sutudiyo. Kiɗan kundin nan kusan guda ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ganga mai tafiya a hankali da aka yanko ana maimaita ta, jita mai laushi, bes a ƙasa, sai murya da ba ta hawa ba ta sauka. In ka cire maganar, ka sa min waƙa ta uku da ta takwas, sai na yi tunani kafin in bambance su.

A shekarar da ta ci Mercury akwai Wolf Alice a cikin 'yan takara, akwai Laura Mvula, akwai Ghetts, akwai Sault. Waɗannan sun yi aikin kiɗa da za ka ji gumi a ciki. Ni a ganina zamani ne ya taimake ta. Kowa yana kulle a gida saboda korona, zuciya ta yi laushi, sai ga mai lallashi ta zo.

Zee Gusau

Haba Yaya Sadauki! Waƙa ta uku ai ita ce Too Good, tana da ɗan tsalle-tsalle, kuma Paul Epworth ne ya haɗa ta, wanda ya yi aiki da Adele. Ba ɗaya suke da sauran ba wallahi.

Sadauki Fagge

Ƙanwata, kin taimake ni ma. Biyun da Epworth ya taɓa, Too Good da Portra 400, su ne suka ɗan fita daban. Saura kusan duka hannun mutum ɗaya ne, Gianluca Buccellati, kuma kunne yana ganewa.

Ɗan Injamena

Ni dai kafin a yi nisa bari in yi rajista: tamu ce! Kullum in an yi maganar Chadi a labarai sai yaƙi da yunwa da tafkin da ke ƙafewa. Yau ga jikar Chadi ta ɗaga kofi a Landan. 'Yan Najeriya ku bar mana wannan, kuna da su da yawa. Skepta ya ci Mercury a 2016, Dave ya ci a 2019, Little Simz ta ci a 2022, duk iyayensu daga wajenku suke.

Zee Gusau

Rabi namu, kwata naku, kwata na Faransa. Lissafin a fili yake Yaya.

Malam Habu

Assalamu alaikum. Na karanta abin da kowa ya rubuta, na kuma je na saurari kundin sau biyu da rubutun baitocin a gabana, domin Turancin bakin 'yan Landan yana yi wa kunnena sauri.

Maganar "tamu ce" da farko. Ɗana na Injamena, na fahimci abin da ke ranka, kuma babu laifi mutum ya ji daɗi. Sunan Oluwatoyin na Yarbawa ne, Marinho kuma irin sunayen nan ne da aka sani a Legas cikin zuriyar waɗanda suka dawo daga Brazil, kamar su Da Silva da Da Rocha. Ta kuma faɗa cewa ta tashi tana jin Fela a gidansu. Amma wanda ya saurari kundin da gaskiya ya san 'yar Landan ce ta rubuta shi. Tashar bas ɗin Landan ce a ciki, titin Oxford ne, ɗakunan samarin can ne da 'yan matan can. Kada mu ɗora mata rigar da ba ta ɗinka ba. Mu saurare ta a inda take tsaye.

Sai maganar Sadauki. Ban ƙi ta taka ba game da kiɗa, kai ne mai sana'a. Sai dai ina ganin ka auna kaya da mudun da ba nasa ba. Yarinyar nan marubuciya ce kafin ta zama mawaƙiya. Tun tana ƙarama take rubuta gajerun labarai da waƙoƙin takarda, tana karanta irin su Sylvia Plath. Sunan kundin ma daga wani littafin Zadie Smith ta tsinto shi, On Beauty. Kuma ka lura, abin da ya buɗe kundin karatu ne ba rerawa ba, magana ce take yi a kan kiɗa mai sanyi na kamar minti ɗaya. Tun daga ƙofa ta gaya maka irin gidan da ka shigo.

Ɗauki Caroline. Tana tsaye tana jiran bas, sai ga wasu masoya biyu suna faɗa a kan titi. Ba ta san su ba. Ba ta ce wane ne mai laifi ba. Ta dai ba ka abin da idonta ya gani: matar ta juya ta kutsa cikin taron titin Oxford, namijin ya bi ta yana kiran sunanta yana rantsuwa. Shi ke nan waƙar. Amma in ka gama ji, sai ka ga kamar kai ma kana tsaye a wurin da jakarka a hannu.

Mu da muka tashi da Ɗan Maraya Jos bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi. In don yawan kayan kiɗa ne da ba a san sunansa ba. Abin da ya riƙe mutane shi ne ya dubi karen mota, wanda kowa ke wucewa bai gani ba, ya tsaya a kansa har ya zama mutum a idonka. Ba ina haɗa su a matsayi ba ne, kowa da ruwansa. Ina cewa ne ƙarancin kiɗa ba aibi ba ne in maganar tana da nauyin da za ta tsaya da ƙafarta.

Sadauki Fagge

Allah ya ƙara ilimi Malam. Na karɓi misalin Ɗan Maraya. Sai dai shi muryarsa tana da yaji, yana iya zaburar da kai. Ita wannan ko tana maganar mutuwa ko tana maganar soyayya, sautin ɗaya ne. Wannan ne ya tsaya min.

Maman Ilham

Malam na gode. Yaya Sadauki, bari in gaya maka dalilin da ya sa sautin nan da ya tsaya maka shi ne ya kama ni.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara uku da suka wuce ta dawo gida bayan aurenta ya mutu, wata bakwai kacal da ɗaura shi. Da farko kowa ya ce ɓacin rai ne, zai wuce. Sai ta daina fitowa tsakar gida. Labulen ɗakinta a sake dare da rana. In an kai mata tuwo da dare, da safe sai a ɗauko kwanon yadda aka kai shi, miyar ta daskare a kai. Yarinyar da ba ta iya kwana biyu ba ta yi kitso ba, sai da gashinta ya cukurkuɗe ya zama dunƙule ɗaya a ƙeya.

Kowa ya zo da nasa maganin. Gwaggonmu ta ce sammu ne. Wani kawunmu ya shiga ya yi mata faɗa, wai rashin tawakkali ne, wasu sun rasa miji da 'ya'ya ba su kwanta ba. Ƙawayenta suka zo suna ta raha da ƙarfi don su sa ta dariya, ta juya musu baya ta fuskanci bango. Ni kaina na yi mata wa'azi har na gaji, domin shi kaɗai na iya.

Ranar da abu ya fara sauyawa ban ce mata komai ba. Na shiga da man kitso da mataji, na zauna a bayanta, na fara warware gashin nan tsinke-tsinke daga ƙasa. Mun fi awa biyu. Babu wanda ya yi magana. Can sai na ji kafaɗarta tana rawa, ta ce min a hankali, "Yaya, na gaji." Kalma ta farko ke nan da ta faɗa min cikin sati uku.

To waƙa ta shida, Black Dog, wannan zaman ne. Ƙawa ce take kallon ƙawarta da ciwon damuwa ya danne a ɗaki. Ba ta yi mata wa'azi, ba ta ce mata ta yi haƙuri. Tana roƙonta ne ta sha maganinta, ta ɗan ci abinci, su taka zuwa shagon bakin layi su sayo 'ya'yan itace, ko me za a yi dai don ta fito daga ɗakin nan. Kuma a ƙarƙashin lallashin kana jin tsoron da ke cikinta, tsoron kada wata rana ta zo ta tarar babu ita. Wallahi na san tsoron nan. Na sha tashi ƙarfe uku na dare in je in tsaya a ƙofar ɗakinta ina sauraron numfashi.

Yaya Sadauki, a irin wannan ɗakin ba a ɗaga murya. Wanda ya taɓa zama a ciki ya sani. Da ta rera ta da ƙarfi da na kashe.

Zee Gusau

Allah sarki Anti. Na yi kuka wallahi. Yaya jikin nata yanzu?

Maman Ilham

Alhamdulillahi Zee, ta samu sauƙi sosai. Ta koma makaranta ma.

Sadauki Fagge

Allah ya ƙara mata lafiya, ya saka miki da alheri. Ba ni da abin cewa a kan wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abban Sultan

Allah ya ƙara sauƙi. Amma ni sunan waƙar ne ya dame ni. Baƙin kare fa? Mu a wajenmu kowa ya san da me ake danganta baƙin kare. Me ya kai ta sa wa waƙa wannan suna?

Anti Binta Landan

Sannunku da hira, yanzu na sauko daga aikin dare na tarar da zaure ya cika.

Abban Sultan, ba abin da kake zato ba ne. A Turancin Ingila tsohuwar magana ce, "baƙin kare" laƙabi ne na ciwon damuwa, wato abin da ke bin mutum duk inda ya sa ƙafa, ya kwanta masa a ƙirji ya hana shi tashi. An fi jingina maganar ga Winston Churchill, tsohon firayim ministan ƙasar, wanda yake kiran nasa baƙin cikin da wannan suna. Duk ɗan ƙasar nan da ya ga sunan waƙar ya san inda aka dosa tun kafin ya saurara.

Ina nan lokacin da waƙar ta fito, watan Mayu 2020, tsakiyar kullen farko. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan manta da watannin nan ba. In na fito daga asibiti da safe titi fayau, bas ya zo babu kowa sai ni da direba. Ana sa waƙar nan a rediyo a lokacin, kuma akwai wata abokiyar aikina, yarinya ƙarama da ta fara aiki a shekarar, da take sa ta a ɗakin hutu tana shan shayi ba ta ce wa kowa komai. Don haka Sadauki bai yi ƙarya ba da ya ce zamani ya taimake ta. Sai dai ni zan juya maganar: mutane da yawa sun fitar da waƙa a watannin nan, ba duka aka riƙe ba.

Kullen ma ai ita ma ya taɓa ta. Tana cikin zagayenta na farko a Turai a farkon 2020 cutar ta tsayar da komai, ba ta ƙarasa ba. Sai ita da Buccellati suka kama hayar gida a Landan suka shige ciki suna rubutu suna ɗauka. Ta ce ta koma kan littattafan da take rubuta sirrinta tun tana 'yar makaranta, daga nan ta ɗebo yawancin labaran. Shi ya sa za ka ji sunayen mutane a ciki, Charlie a waƙar Hurt wanda shaye-shaye ya kama, Millie a waƙar Hope da ta keɓe kanta daga kowa. Kuma shi ya sa sautin ya yi kama da ɗaki, domin a ɗaki aka yi shi.

Abu ɗaya nake roƙo, tunda maganar ta zo nan. Waƙa tana sa mutum ya ji ba shi kaɗai ba ne, amma ba ta maye gurbin likita. Ita kanta mawaƙiyar a 2020 ta zama jakadiyar CALM, wata ƙungiya a nan Birtaniya da ke aikin hana mutane kashe kansu. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani. In ɗan'uwanka ya yi sati biyu ko fiye ba ya ci, ba ya barci ko barcin ya yi yawa, ya daina abin da ya saba so, balle ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi asibiti. Akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Maman Ilham

Gaskiya ne Anti Binta. Mu ma daga ƙarshe asibiti muka je, bayan an sha fama da dangi. Wata shida tana shan magani tana ganin likita. Addu'a ba mu fasa ba ko kwana ɗaya, amma mun haɗa da magani.

Malam Habu

Haka addini ya koyar. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Abban Sultan

Na gane yanzu, na gode Anti. Amma bari in kawo wata. Ana ta cewa "indie", wai mai zaman kanta, kamar daga ƙasa ta taso da ƙarfinta. Na duba na ga makarantar da ta yi, Latymer Upper School, ta kuɗi ce, kuma ba ƙananan kuɗi ba. Yaron da ke sayar da ruwa a danja yana da damuwar da ta fi tata, wa zai ba shi lambar yabo? Ni abin yana min kama da damuwar 'ya'yan masu hali.

Sadauki Fagge

A nan kam zan kare ta, duk da ni na fara suka. Kalmar "indie" ba ta nufin talaka. Asalinta tana nufin wanda ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin nan uku da suka mamaye kasuwar waƙa ta duniya, Universal da Sony da Warner. Ita tana tare da Transgressive ne, ƙaramin kamfani na Landan da aka kafa a 2004. Daga baya kalmar ta zama sunan salo ma, wato waƙar da ke da daɗin kamawa a baki amma ba a yi mata kwalliyar kasuwa da yawa ba.

Kuma yadda ta shigo ya burge ni a matsayina na mai wannan sana'a. BBC suna da wani tsari, BBC Introducing, inda duk wani sabon mawaƙi a ƙasar zai ɗora waƙarsa ta intanet kyauta, ma'aikatan rediyo su saurara, in ta yi musu su sa ta a iska. Ta nan ta bi a 2018, daga nan ta samu manaja. A watan Nuwamba na shekarar ta saki Cola, tana da shekara 18. A 2019 ta fitar da ƙananan kundaye biyu, Super Sad Generation da Sophie, ta hau dandali a babban bikin waƙa na Glastonbury. Kafin babban kundin ya fito ta yi shekara biyu tana gina masu saurare kaɗan-kaɗan.

Abin da ke min ciwo shi ne ina da yara a hannuna masu rubutu mai kyau, wallahi wasu in sun karanta maka baiti sai tsigar jikinka ta tashi. Amma in yaro ya zo da waƙa mai sanyi, tambayar farko da za a yi masa ita ce, za a yi rawa da ita a biki? In babu, babu mai sa kuɗinsa. Ni kaina na sha ce wa yaro ya ƙara gudun kiɗa don ta sayu. Akwai wata da ta kawo min waƙa a kan rasuwar mahaifiyarta, murya da jita kawai take so, na lallashe ta muka cika ta da ganguna. Har yau in na ji ta sai in ji na cuce ta.

Anti Binta Landan

Abban Sultan, a kan maganar 'ya'yan masu hali: na yi jinyar masu kuɗi na yi ta marasa shi, ciwon nan ba ya duba aljihu. Inda kake da gaskiya shi ne wajen dama. Wanda ya yi makaranta mai kyau, gidansu da littattafai, ya fi samun kalmomin da zai faɗi abin da ke damunsa da kuma wanda zai saurare shi. Yaron danja yana da ciwon, bakin faɗa ne aka hana shi. Wannan ba laifinta ba ne, amma gaskiya ce.

Ɗan Injamena

To ita yanzu tana ina? Bayan kofin me ya biyo baya?

Zee Gusau

Yaya ai kafin Mercury ma ta ci lambar yabon waƙa ta Birtaniya, wato Brit, ta sabuwar tauraruwa a watan Mayu 2021. Mercury ɗin kuma akwai abin daɗi a ciki, a zauren Apollo na Hammersmith aka yi bikin, unguwar da ta tashi, ga kyautar fam 25,000. Sannan aka sa ta takarar Grammy guda biyu na 2022, sabuwar mawaƙiya da kuma kundin salon "alternative". Ba ta ci ba, Olivia Rodrigo ce ta ɗauki ta sabuwar mawaƙiya. A 2022 ta buɗe wa Harry Styles da Billie Eilish wasa. Kundi na biyu, My Soft Machine, ya fito a watan Mayu 2023, ta kuma buga littafin waƙoƙinta na takarda a shekarar, The Magic Border.

Anti Binta Landan

Kin tsallake wanda ya fi tsaya min a rai Zee. A watan Satumba 2022 tana tsakiyar zagaye a Amurka ta soke wasu daga cikin wasanninta ta dawo gida Landan. Ta rubuta da kanta cewa ta yi kusan wata 18 tana kan hanya, ƙarfinta ya ƙare, lafiyar ƙwaƙwalwarta ta taɓu har ba ta iya ci gaba. Tana da shekara 22 a lokacin.

Ku duba fa. Yarinyar da aka ɗaga saboda ta iya lallashin masu ciwo, ita aka dinga ja daga gari zuwa gari, kowane dare ta hau dandali ta buɗe ciwon nan a gaban dubban mutane, washegari a sa ta a mota zuwa wani gari. Ga masu saurare da ke turo mata labaran baƙin cikinsu suna jiran ta ɗauke musu. Mu a aikinmu an san wannan, mai kula da mara lafiya shi ma yana faɗuwa in babu mai kula da shi. Na ji daɗi da ta tsaya, kuma ta faɗi dalili a fili ba ta ɓoye a bayan "uzuri" ba.

Maman Ilham

Wannan ban sani ba sai yanzu. Kuma ya taɓa ni, domin bayan ƙanwata ta miƙe ni ce na kwanta. Wata biyu ban san me ke damuna ba, abu kaɗan sai hawaye. Babu wanda ya lura, ni ma ban faɗa ba, tunda ni ce "mai ƙarfin" gidan.

Malam Habu

Allah ya ba ki lada 'yata. Ina fatan yanzu kin samu wanda kike faɗa wa.

Maman Ilham

Ita ƙanwar tawa ce Malam. Yanzu ita ke kirana ta tambaye ni ko na ci abinci.

Abban Sultan

Masha Allah. Na janye rabin maganata, rabin kuma ina nan a kai: a nemo yaran danja su ma a ba su makirufo.

Sadauki Fagge

Na dawo. Bayan sallar isha'i na rufe sutudiyo na sa manyan belun kunne na sake bin kundin daga farko, ba a waya ba kamar da. Akwai abin da ban ji ba a baya. A Hurt gangar tana da nauyi fiye da yadda na ɗauka, bes ɗin kuma shi ke jan waƙar gaba yayin da muryar take zaune. A Black Dog jitar ƴan sautuka kaɗan take juyawa ba ta zuwa ko'ina, kamar mai zagaye a ɗaki ɗaya, kuma yanzu na yarda da gangan aka yi. For Violet ma ta fi sauran duhu, ban ba ta haƙƙinta ba.

Har yanzu ina nan a kan cewa daga tsakiya zuwa ƙarshe kundin yana kwanciya da yawa, kuma da ni ne da na cire ɗaya ko biyu. Kuma har gobe da ni ne alƙali a 2021 Sault zan ba.

Amma na kira yarinyar nan mai waƙar mahaifiyarta. Muryarta ta asali tana nan a kwamfuta ban goge ba. Ta ce za ta zo ranar Asabar da jitarta.

Zee Gusau

Yaya Sadauki don Allah in kun gama a turo mana nan mu fara ji.

Sadauki Fagge

Sai in ta yarda. Zan tambaye ta.